Muryar Mama ta fita daban: a kwaya wa ya kamata a ji?

Malamin Kwaya:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana. Akwai abin da ya hana ni barci tun daren Alhamis, na ga gara in kawo shi nan, tunda a cikinmu akwai waɗanda suka daɗe suna tsayawa gaban kwaya tun ina goye.

Muna shirin gasar kwaya ta gundumarmu, saura mako uku. A cikin masu soprano, wato muryar sama ta mata, akwai wata uwa da ta haura shekara 70, tun kafin a haife ni take waƙa a majami'armu a Tudun Wada ta Jos. Muryarta ba ta mutu ba, da ƙarfinta, sai dai tana da kaifi kuma tana rawa. A waƙar da muke koyo akwai inda soprano ke taka ti kafin ta sauka kan do (a matakalan murya na sol-fa: do, re, mi, fa, so, la, ti, do). Kowa yana taka ti ɗin, ita kuwa daga la sai ta ja muryar ta faɗa do, irin jan da ake yi a waƙar gida. Na gyara sau uku. A na huɗu na tsayar da kowa na ce, "Mama, don Allah ki sassauta a nan, ki bar yara su ɗauka."

Ba ta ce uffan ba. Ta rufe Littafin Waƙoƙinta, wanda bangonsa ya yage har ta ɗinke shi da baƙin zare, ta ɗora a cinya, ta zauna haka har muka yi addu'ar tashi. Muka sake ɗaukar waƙar, ta fita tsaf, murya huɗu kamar bakin mutum ɗaya. Abin da na yi wata biyu ina nema ke nan. Amma da na same shi sai na ji ɗakin ya yi sanyi, kamar an cire wani abu daga cikin waƙar.

Tambayata: kyawun kwaya shi ne kowa ya narke har a kasa gane muryar wani, ko kuwa a ji mutanen da ke cikinta? Wa na zalunta, Mama ko waƙar?

Ɗan Farin Gada:
Yaya, ba ka zalunci kowa ba. Ni ke kaɗa kibod a kwayarmu, na san wannan ciwon. Kwaya tsintsiya ce, in tsinke ɗaya ya zarce sauran, shi zai riƙa kartar ƙasa. Wanda yake so a ji shi shi kaɗai ai akwai solo. Zabura 33 aya 3 ma ta ce a kaɗa da gwaninta, ba ta ce a yi yadda aka ga dama ba. In mun yarda kafinta ya kawo mana bencin majami'a mai ƙafa ɗaya gajera don shi dattijo ne, to mu yarda da wannan. Sanyin da ka ji tausayi ne, ba kunnenka ba ne.

Maman Zumunta:
Ɗana na Farin Gada, mutum ba benci ba ne.

Malamin Kwaya, zan faɗa maka abin da ya ɓata mini rai, ka yi haƙuri. Ba gyaran da ka yi ba ne, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. A gaban jikokinta ka yi shi. Irin waɗannan iyaye su ne suka riƙe waƙa a garin nan lokacin da ba mai zuwa koyo. Na tuna bayan rikicin Satumba 2001, ranar Lahadi kujerun kwaya rabi babu kowa, mu mata muka ɗauki tulu da kacau-kacau muka yi waƙa muna share hawaye da bakin zane. Ba wanda ya tambayi ti ko la ranar. A Zumunta, ƙungiyarmu ta matan ikkilisiya, ba ma cewa wance ta yi shiru. Mai zaƙin murya ta ba da waƙa, sauran mu amsa, mai kaushin murya ma da wurinta. Kuma ku faɗi gaskiya, in Zumunta ta tashi waƙa majami'a takan motsa fiye da lokacin da kuka jeru da rigunanku.

Ɗan Farin Gada:
Mama, na karɓi faɗan, ki gafarce ni kan misalin benci. Amma motsin jama'a ba shi ne ma'auni ba. Ganga kaɗai ma tana motsa mutane.

Baba Mai Bas:
'Ya'yana, ku bari in sa baki, na yi shekara fiye da 40 ina riƙe bas, muryar ƙasa ta maza, tun ina ɗalibi a Gindiri.

Malamin Kwaya, wannan uwa ba kuskure take yi ba, wani tsani take hawa. Yawancin waƙoƙin da muka tashi da su a ƙauyukan Filato da ƙasar Hausa matakala biyar gare su: do, re, mi, so, la. Babu fa, babu ti. Ɗan ƙaramin takun nan da ke tsakanin ti da do, ko mi da fa, baƙo ne a kunnen wanda ya girma da waƙar niƙa da ta noma. Tare da harmoniya da littafin mishan ya shigo. Ka saurari ikkilisiya gaba ɗaya ranar Lahadi in kibod ya yi shiru, za ka ji dattawa da yawa suna yin abin da ta yi, sun daɗe da gyara waƙoƙin Turawa zuwa bakinsu ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Ita dai muryarta ce ta fi ƙarfi, shi ya sa ka kama ta.

Sannan wannan sol-fa da muke auna mutane da shi, ku san asalinsa. Wata mata ce a Norwich ta ƙasar Ingila, Sarah Glover, ta tsara hanyar don koya wa yara waƙa. Wani fasto, John Curwen, ya ɗauka ya faɗaɗa ta daga wajen 1841, don yaran makarantar Lahadi da ma'aikata talakawa waɗanda ba su iya karatun rubutun kiɗa na manya ba. Ƙofa aka buɗe da shi don kowa ya shigo. Yakan dame ni in na ga mun mai da shi rariya.

Amma ban ce ka bar kwaya ta zama kasuwa ba. In soprano tana kan ti, wata tana kan la a lokaci guda, kunne zai ji karo, wannan gaskiya ce. Abin da nake so ka gane shi ne matsalar ba tsufa ba ce, harsuna biyu ne na kiɗa suka haɗu a baki ɗaya.

'Yar Alto:
Baba, na gode, yau na fahimci abin da ya sa kakata take rera waƙoƙin littafi daban da mu.

Amma ina so in yi magana a madadin narkewa, don na ga kamar ana ɗaukarta abin kunya. Shekarata shida a alto, muryar da ke ƙarƙashin soprano. Mu ba a taɓa jin mu ba. In an tashi sujada ba wanda ke zuwa ya ce "alto kun yi ƙoƙari". Wani lokaci layi guda muna kan so, so, so, ba hawa ba sauka. Amma ranar da ba mu zo ba kowa zai ce waƙar ta yi salam kamar miya ba gishiri. Kuma akwai abin da ke faruwa in muryoyi huɗu suka zauna daidai, musamman in ba kibod: sai ka ji wata siririyar murya a sama wadda ba wanda ke rera ta, ɗakin ya ɗauki amo, tsigar jikinka ta tashi. Na taɓa jin haka sau biyu kacal, ɗaya da asuba ranar Ista, kuma sai da na yi kuka. A wannan lokacin ban san inda muryata ta ƙare ta maƙwabciyata ta fara ba. Ban ji an rage ni ba, na ji an ƙara ni. Wannan abu ba ya samuwa sai kowa ya yarda ya sauke kansa, yana sauraron na kusa da shi fiye da yadda yake sauraron kansa. To in mu yara an ce mu koyi wannan tawali'u, me ya sa zai zama cin mutunci in an nemi haka daga babba?

Maman Zumunta:
'Yata, kin yi magana mai nauyi. Amma ke kika sauke kanki da kanki. Ita sauke ta aka yi.

Malam Na Gangare:
Assalamu alaikum. Ni ba ɗan coci ba ne, Hausa nake koyarwa a sakandare, maƙwabcina ne ya sa ni a wannan zaure saboda son waƙa. In an ba ni dama zan kawo abin da na sani daga ɓangarenmu.

Bahaushe yana da waƙar taro tun kafin murya huɗu ta zo, sai dai gininta daban. Ku saurari makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. 'Yan amshinsu ba maimaita gindin waƙa kawai suke yi ba, jagora zai fara ɗa su karɓe su ƙarasa masa, har su yi ƙari. Shata kuwa 'yan amshinsa gindin suke riƙewa, shi yana yawo a kai yadda ya so. A duka biyun ba a neman murya ta ɓace. Ana neman kowa ya san lokacin shigarsa. Haka in ana karatun Ishiriniya ta Alfazazi a zaure da dare, za ka ji tsoho mai rawar murya da yaro mai siririya a tare, kuma wannan kaurin da rashin daidaiton ke bayarwa shi ne daɗin abin a kunnenmu. Wato ko ma'anar "ɗaya" ba ɗaya ba ce. Akwai ɗaya irin na madara, akwai ɗaya irin na saƙar zane da ake ganin kowane zare.

Abu na biyu, ku yafe mini in na taka inda bai kamata ba. Gidanmu yana kusa da wata majami'a, ina jin waƙoƙinku. Waɗanda aka fassaro daga Turanci sau da yawa sai na kasa kama kalmomin, alhali Hausa ce. Dalili shi ne harshenmu yana rarrabe ma'ana da tsawon wasali da kuma hawa da saukar murya. Gari da ake zama a ciki da garin tuwo, tsawon "ga" ne ya raba su. Kuka na hawaye da kukar miya, saukar murya a gaɓar ƙarshe ce ta raba su. Mawaƙin Hausa yakan ɗan yi wasa da hawa da sauka, amma da wuya ka ji ya ja gajeriyar gaɓa ko ya gutsure doguwa, don a nan ma'aunin waƙarmu yake. Karin da aka ɗinka wa kalmomin Turanci bai san wannan ba. Ina zargin iyaye irin wannan Mama suna jan murya ne a wasu wurare don su ceci kalmar. Malamin Kwaya, ka duba wace kalma ce ke zaune a kan ti ɗin nan.

Malamin Kwaya:
Wa alaikumus salam Malam. Na ɗauko takardar yanzu. Kalmar "rai" ce. Marubucin karin ya ba ta rabin bugu ne kawai, a wuce da sauri zuwa kalma ta gaba. Mama kuwa tana zama a kanta. Wallahi ban taɓa lura ba, ina ta kallon alamomin sol-fa, ban kalli abin da ke rubuce ƙarƙashinsu ba.

Ɗalibi a Bukur:
Wannan gardama ta girme mu duka. Augustine, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rubuta cewa waƙar ikkilisiya ta sa shi kuka a farkon tubarsa, amma duk lokacin da daɗin muryar ya fi taɓa shi a kan abin da ake faɗa, yakan ji kamar ya yi laifi. Har ya yi tunanin ko a daina waƙar gaba ɗaya, daga baya ya karkata ga a bar ta saboda masu raunin zuciya su tashi ta hanyar kunne. Manzo Bulus kuma a 1 Korintiyawa 14 aya 15 ya haɗa biyun, a raira da ruhu, a raira kuma da fahimta. Ni abin da ke damuna shi ne gasar kanta. Da zarar an ajiye alƙalai uku da biro a gaban tebur, waƙar ta canza wanda take yi wa magana.

Malam Na Gangare:
Mu ma malamanmu sun yi wannan muhawara. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a kan sauraron waƙa, kuma abin da ya tsaya a kai shi ne waƙa ba ta zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, tana tono abin da ke kwance ne. Wasu malaman kuma ba su yarda da shi ba har gobe.

Ɗan Farin Gada:
Ni dai ban yarda a zagi gasa ba. Kafin a fara gasa a gundumarmu, wa yake zuwa koyo sau uku a mako? Gasa ce ta sa yaran Angwan Rukuba da Jenta suka iya karanta sol-fa kamar jarida. Kuma ku gaya mini, in Kirsimeti ya zo muka tashi Halleluya ta Handel, za a bar kowa ya ja yadda kakarsa ke ja? Akwai waƙar da in ba a yi ta daidai ba rushewa take yi, don muryoyin suna bin juna ne a guje. Mu 'yan Arewa kullum sai a ce mu tsaya kan tulu, kamar ba za mu iya abu mai wuya ba. Ni na ƙi wannan. Yaranmu za su iya duk abin da kwayar Legas ko ta Landan ta iya.

Baba Mai Bas:
A nan ina bayanka ɗana. Za su iya, kuma sun sha yi. Halleluya ba a yi mata sassauci, wanda bai koya ba ya zauna ya saurara, ni kaina akwai shekarar da numfashina ya gaza na zauna.

Amma ko ita wannan waƙa ba ta tsaya a kama ɗaya ba. Handel ya rubuta Messiah, babbar waƙar da Halleluya take cikinta, a 1741 cikin kusan kwana 24, aka fara yin ta a Dublin a Afrilun 1742, kuma taron na sadaka ne, don asibitoci da fitar da waɗanda aka ɗaure saboda bashi. 'Yan kwayar ranar 'yan kaɗan ne, maza da yara maza daga manyan majami'u biyu na birnin. A 1784, bayan rasuwarsa, aka yi ta a majami'ar Westminster ta Landan da mutum fiye da 500. Wanne ne na gaskiya a ciki? Kowane zamani ya rera ta da bakin da yake da shi.

Kuma ba sai mun zaɓa tsakanin tulu da Handel ba. Ku nemi labarin Ikoli Harcourt Whyte. Mutumin Abonnema ne, kuturta ta kai shi zaman jinya a Uzuakoli, a can ya koyi sol-fa ya riƙa tsara waƙoƙi masu murya huɗu da harshen Ibo, yana bin yadda harshen ke tafiya. Mawaƙansa na farko majinyata ne 'yan'uwansa. Ya rasu a 1977, har yau ana rera waƙoƙinsa. Shi bai tanƙwara mutanensa su shiga waƙa ba, ya yanka waƙar daidai jikinsu. Wannan aikin ne mu masu Hausa ba mu yi da yawa ba. Muna da malaman kwaya masu koyarwa, masu tsarawa ne suka yi mana kaɗan.

'Yar Alto:
To Baba, in an yanka waƙa daidai jikin Mama, mu da muka yi wata biyu muna koyon ta yadda aka rubuta fa? Ba gardama nake yi ba, ina so in sani ne. Kullum wani ne zai sauke kansa.

Baba Mai Bas:
Haka ne 'yata. Ba ni da amsar da za ta hana wannan.

Malamin Kwaya:
Na dawo daga gidan Mama yanzu, na je bayan sujada da ɗan sabulu da sukari. Na same ta tana tsince wake a tire. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce in tashi, ta ce ita ta san muryarta ta tsufa, da na zo gida na faɗa mata da ita da kanta za ta koma layin baya. Abin da ya yi mata zafi shi ne da na ce ta bar "yara" su ɗauka, kamar an sallame ta. Na tambaye ta me ya sa take zama a kan kalmar nan. Ta dube ni da mamaki, ta ce, "Ɗana, ana faɗin rai a guje?" Sai ta rera mini baitin a zaune, tiren yana cinyarta. Ban taɓa jin ma'anar baitin ba sai yau, alhali na koyar da shi fiye da sau 30.

Ga abin da na yanke. Baiti na ɗaya da na biyu da na huɗu za mu yi su murya huɗu yadda aka rubuta, kuma ta yarda za ta yi ƙasa-ƙasa a wurin ti. Baiti na uku kibod zai yi shiru, ita za ta ba da shi yadda take ji, mu amsa mata da murya ɗaya. Na san takardar alƙalai tana da gurbin bin rubutu, za mu iya rasa maki a nan. Zan faɗa wa 'yan kwaya ranar Talata, wanda bai yarda ba ya faɗi ra'ayinsa a fili.

Ɗan Farin Gada:
Yaya, har yanzu ina ganin gasa ba wurin gwaji ba ce, da ka bari sai ranar godiyar girbi. Kuma ka lura, in kibod ya yi shiru baiti guda kwaya takan zame ƙasa ba ta sani ba, in ya dawo a na huɗu za a ji ɓaraka. Sai dai in bas su riƙe do a hankali a ƙarƙashinta tun daga farko har ƙarshe. A wane ki, wato matakin murya, kuke yin ta?

Malamin Kwaya:
A F muke yi, amma ita ta fi sakewa in an sauko kaɗan.

Maman Zumunta:
Ku sauko mata. Kuma ku faɗa mini ranar, zan zo da mata biyar mu zauna a gaba.

Baba Mai Bas:
Ka gwada E flat ka ji ko bas ɗinka za su kai ƙasan ba tare da sun shaƙe ba. Ɗauki hoton takardar ka turo mini yau da dare, kuma in ka koma wurinta ka ɗauko muryarta a waya tana rera baitin sau biyu, don in ga ko wuri ɗaya take ja kowane lokaci kafin in rubuta musu abin da za su riƙe.